Karatu Ya Je Santambul Ko Sayen Kaya?

Filin tambayoyin masu karatu

Wasiƙu uku na ɗauka a wannan wata, duka daga nan cikin Maradi, duka kuma a kan karatu a Turkiyya. Tun da aka ji na yi shekara biyar a Istanbul, birnin da kakanninmu suke kira Santambul, irin waɗannan tambayoyi ba su yanke mini ba. Ta farko ce za ta ci mana wuri, don ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shagon kayan sawa a babbar kasuwa. Ɗana na biyu ya ci bak bana, wato jarrabawar gama sakandare, Allah kuma ya ba shi burs, tallafin karatu, na gwamnatin Turkiyya, an tura shi wata jami'a a Istanbul zai karanta aikin injiniya. Dama ina sayo abayoyi da jallabiyoyi da takalma daga can ta hannun wani ɗan kamasho mai cin rabonsa. Sai na ce to ga dama ta samu: yaro ya riƙa zagaya mini kasuwa, ya duba kaya, ya sa a kargo, shi ma ya samu na kashewa. Uwarsa ta ƙi, ta ce karatu ya je yi. Ni kuwa ina ganin ɗan Maradi da ciniki aka haife shi. Me kake gani? Daga wani Alhaji, unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa yaron nan albarka. Ka yi mini gafara, Baba, amma a wannan magana ina bayan Hajiya, aƙalla har shekarar farko ta wuce.

Abin da ɗanka ya samu ba ƙaramin abu ba ne. Wannan burs da ake kira Türkiye Bursları, wanda aka fara a 2012, yana biyan kuɗin makaranta, da ɗakin kwana a gidan ɗalibai, da inshorar lafiya, da tikitin jirgi na zuwa da na dawowa in an gama, ga ɗan alawus duk wata. Amma kafin ya taka ajin injiniya sai ya yi shekara guda cur yana koyon Turkanci a cibiyar koyon harshe da kowa a can yake ce wa Tomer. Matakai biyar ne, daga A1 har C1, kowane da jarrabawarsa, kuma ana kiran suna kullum. Wanda fashinsa ya yi yawa, ko ƙwaƙwalwarsa ta fi ta kowa, ba a barinsa ya wuce.

Turkanci yana da wani hali na yaudarar ɗan Nijar. Makon farko yaro zai ji kamar a gida yake. Rubutun boko ne tun 1928, haruffa 29. Zai ji kalem ya gane alƙalami, ya ji sabun ya gane sabulu, ya ji dünya ya ce ai duniya ce. Ga kalmomin Faransanci birjik, irin su şoför da asansör da lise, har ita kanta kalmar burs haka suke faɗinta. Babu ma rabon namiji da mace, "shi" da "ita" duk o ne. Sai yaro ya saki jiki. A wata na uku ne harshen yake nuna ainihinsa. Kalma ɗaya ake ta yi wa ƙari a wutsiya kamar ana ɗaura wa jaki kaya: ev gida, evler gidaje, evlerimiz gidajenmu, evlerimizden daga gidajenmu. Aikatau kuma sai can ƙarshen jimla yake zuwa, ta yadda malami zai yi magana mai tsawon layi uku kana riƙe da numfashi, ba ka san an yi abin ko ba a yi ba sai ya kai kalmar ƙarshe. Wannan ba ya shiga kai sai da zama a aji kullum da bita kowane dare.

Ni na sauka Istanbul a ƙarshen Satumban 2017. Gidan kwananmu yana ɓangaren Asiya, ajinmu yana ɓangaren Turai, mashigin ruwan Bosforus a tsakani. Birni ne na mutum sama da miliyan 15. Nan Maradi, daga Zariya zuwa babbar kasuwa, kabu-kabu ɗaya ka hau ka isa kafin shayinka ya huce. Can kuwa bas nake shiga, in sauka in shiga jirgin Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku, in fito in kama taragon kan titi. Awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin shida ta faɗi, wato da duhu nake fita, da duhu nake komawa.

A watan Nuwamba wani kawuna, ɗan kasuwa kamarka, ya kira ni ya ce in ɗan leƙa masa Laleli, unguwar shagunan kayan sawa, kaya kaɗan ne. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ni ma da murna na karɓa, don shi ya saya mini akwatin da na tafi da shi. To ga yadda "ɗan leƙawa" take. Ka shiga shago, a miƙo maka shayi a ɗan ƙaramin kofin gilas mai siririn ƙugu, ƙin sha kuma rashin ladabi ne. Ka ɗauki hoton abaya goma ka tura ta WhatsApp. Turkiyya tana gaban Nijar da awa biyu, mai kaya yana masallaci ko yana fama da masu saye, kai kana zaune kana jira. In ya amsa ya ce ba wannan launin ba, a nemo mai duhu. Ka hau bene na huɗu a wani gini, ka sauko, ka tsallaka Aksaray. In an daidaita, ka bi ɗan dako da amalankensa zuwa ofishin kargo, wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda ba ka jin komai sai ƙarar salatif ana naɗe buhuna. A auna, ka rubuta suna da lambar waya da "Maradi" da baƙin alƙalami a jikin buhu, ka karɓi rasit. Ka fito ka tarar an yi isha'i, littafin aikin gida yana cikin jakarka ko buɗe shi ba ka yi ba.

Kafin wata biyu lambata ta zaga. Abokin kawu, da maƙwabcin abokin kawu, da wata Hajiya mai kayan aure. Wa zan ce wa a'a? Duk iyayena ne. Na samu kuɗi, ba zan ɓoye ba, har na sayi babbar rigar sanyi mai kyau. Amma a jarrabawar B1 na faɗi. Malamarmu ta tsayar da ni bayan an tashi, ta ajiye takardar kiran suna a gabana ta sa yatsa a kan layina. Ban manta jajayen alamomin nan ba, kwana goma sha ɗaya. Ta ce mini a hankali, da Turkancin da ta san zan gane, wai a watan farko ni ne na fi kowa a ajin, ina na tafi? Na rasa amsa. A jirgin ruwa na koma Uskudar, a ɓangaren Asiya, ran nan, na zauna a waje cikin iska mai yanka kunne don kada abokan tafiya su ga idona. Sai da na maimaita matakin, abokaina suka gama suka huta, ni na ci rani ina aji. Ko da na shiga jami'a, watanni na yi ina zama a lacca lambobin da ke kan allo kawai nake ganewa.

Za ka iya cewa ai a kasuwa ma ana koyon harshe. Turkancin Laleli bai wuce "nawa ne", "ya yi tsada", "rage mini" ba. Masu shagunan sun saba da baƙi, da gutsuren Larabci da Rashanci da Faransanci suke ciniki. Wanda zai yi bayanin ƙarfin siminti da ƙarfe a takardar jarrabawa, wani Turkancin daban yake buƙata.

Akwai kuma doka. A dokar aikin baƙi ta 2016, ɗalibin digirin farko ba ya da ikon neman izinin aiki sai ya gama shekarar farko, shi ma na ɗan lokaci ne a mako. Wanda aka kama yana aiki ba izini, tara ce, kuma ana iya soke masa ikamet, wato katin izinin zama, a sa shi a jirgi. Unguwannin kargon nan kuwa su ne inda ƴan sanda suka fi tsayar da baƙi suna duba takardu. Burs ɗin ma ba kyauta ce marar sharaɗi ba, ana duba sakamako, wanda ya yi ta faɗuwa ana dakatar masa.

Batun na kashewa, gaskiyarka ne, alawus ba ya isa yadda ake zato. Farkon 2018 dalar Amurka ba ta kai lira 4 ba, a 2024 ta haura 30. A Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin 100 a lissafin gwamnati. Na ga kuɗin burodin simit, mai zobe da riɗi a jiki, yana ninkawa a gabana. Ita kuwa sefa tamu a ɗaure take da yuro, don haka ƴan jikkuna da za ka riƙa tura masa kowane wata, a rana sananniya, sun fi masa amfani da kamashon da zai ci masa aji. Ka tanadar masa kuɗin rigar sanyi da takalmin ruwa, a can zai saya. Ka san kuma wayar da ya tafi da ita daga nan za ta daina karɓar layin Turkiyya bayan kwana 120 in ba a yi mata rajista ba, rajistar kuma ta fi wayar tsada, gara ya sayi ƙarama a can. Katin shiga mota na ɗalibai, Istanbulkart, shi ne abu na farko da zai nema bayan rajistar makaranta, rangwamensa babba ne.

Ba na ce ɗanka ya manta gidan da ya fito ba. Ka ba shi shekara guda ya riƙe harshen da hannu biyu. In ya samu C1 ya shiga jami'a ya ga yadda ƙafarsa ta zauna, a hutun bazara, tsakanin Yuli da Agusta, ka je da kanka ya raka ka. Ran nan za ka ga bambanci: yaron da zai wuce da kai shagunan Laleli ya kai ka Merter wurin masu sari, ko har gaban mai masaƙa, ya karanta maka takardar yarjejeniya layi-layi, ya ji abin da suke faɗa wa juna a gefe. Ɗan kamashonka ba zai taɓa yi maka wannan ba. Kafin nan, roƙona ɗaya: kada ka ba abokan kasuwarka lambarsa. Yaro mai tarbiyya ba zai iya ce wa sa'an ubansa a'a ba, kai ne za ka faɗa a madadinsa. In ka kira shi ranar Juma'a, ka tambaye shi wane mataki yake da ranar jarrabawarsa. A gaishe mini da Hajiya.

TAMBAYA: Ɗiyata tana ajin ƙarshe a lise, ta nace sai Turkiyya, aikin jinya take so. Hankalina bai kwanta ba. Za a bar ta da hijabinta? Me za ta ci? Kuma na ji ƙasa tana girgiza a can. Daga wata uwa, unguwar Bagalam.

AMSA: Inna, Allah ya raya miki ita. Hijabi ba abin damuwa ba ne yanzu. Da can an hana ɗaura kallabi a jami'o'insu, amma wajen 2010 aka saki wannan, a 2013 aka sakar wa ma'aikatan gwamnati ma. A aji ɗaya za ta zauna da mai lulluɓi har ƙasa da wadda kanta yake buɗe, kowa da harkarsa. Gidajen kwanan ɗalibai na mata daban ne, da mai gadi da lokacin rufe ƙofa. Sai dai ba zan ce miki Istanbul Madina ce ba. Unguwanni irin su Fatih da Uskudar da Eyup, inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, kiran salla ne ke tashin mutum. A Taksim da Kadikoy kuwa mashaya a buɗe take a bakin titi. Abin da ta tafi da shi daga ɗakinki shi zai zaɓar mata hanya, sai kuma ƙawayen da ta fara yi a watan farko.

Ki faɗa mata yawancin Turkawa ƴan mazhabar Hanafiyya ne. Ranar da na fara salla a masallacin unguwarmu na saki hannuwana yadda muka tashi muka ga ana yi, bayan sallama wani tsoho ya kama su ya ɗora mini a ciki, yana murmushi. Da na iya harshen na ce masa mu Malikawa ne, ya rungume ni, daga ranar kullum sai ya ajiye mini alewa a aljihu. Za a kalle ta a mota, yara za su so taɓa hannunta, wasu su roƙi hoto. Za a tambaye ta daga ina take sau ɗari, ta ce Nijar su ce Najeriya. Yawanci son sani ne. Amma akwai masu baƙar magana, akwai masu gidan haya da ke jin muryar baƙo su kashe waya. Ta san da wannan tun daga gida don kada ya karya mata zuciya.

Abinci halal ne kusan ko'ina, sabo ne kawai ke da wuya. Karin kumallonsu burodi ne da zaitun da cuku da tumatir da shayi. Da rana miyar adas, shinkafa ko alkamar bulgur, da wake fari a romon tumatir. Yaji kaɗan ne. Akwai ayran, nono ne da aka tsinka da ruwa da ɗan gishiri, shi ya riƙe ni watannin farko, ko da yake duk kurɓa sai na tuna babu fura a ciki. Ki ɗaura mata yaji da kuka da daddawa da busasshen zogale, a ƙulle sosai. Kada a sa kilishi, ba a yarda matafiyi ya shiga da nama ba.

Girgizar ƙasa gaskiya ce. Ta ranar 6 ga Fabrairun 2023 a kudancin ƙasar ta kashe sama da mutum dubu 50, ta 1999 kuma a Izmit ta taɓa har gefen Istanbul. Abin da ke hannun ɗan Adam shi ne zaɓen gini. Ta zauna a gidan ɗalibai na hukuma, ta guji tsofaffin benaye masu arha, ta halarci atisayen da ake yi musu.

Abin da ba ki tambaya ba, wanda kuma ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne kewa. Babbar Sallata ta farko a can, ɗaliban Turkawa duk sun tafi garuruwansu, gidan kwana ya yi tsit. Na zauna a bakin gado ina tuna ragunan layya a jere jikin itace kewaye da wuta a ƙofar gidanmu, da hayaƙin da ke rufe unguwa har magariba. Ɗaliban Nijar da ke can suna haɗuwa a irin wannan rana su dafa shinkafa tukunya guda, ta neme su tun makon da ta sauka. Ke kuma, Inna, ran Salla ki kira ta da bidiyo tun da safe, ki zaga da wayar tsakar gida ta gaisa da kowa.

TAMBAYA: Yaya, ban samu burs ba. Wani mutum ya ce in kawo sefa miliyan ɗaya da rabi zai samo mini gurbi da "burs na rabi" a Istanbul, har da biza. In sa mahaifina ya sayar da gona? Daga wani ɗalibi, Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Ƙanena, kada a taɓa gonar nan. Neman Türkiye Bursları kyauta ne, ta intanet ake yi, kai da kanka, babu wani dillali da hukumar ta wakilta. An saba buɗewa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai neman digirin farko ya kasance bai kai shekara 21 ba, da maki aƙalla kashi 70 cikin 100, likitanci da haɗa magani da aikin haƙori kuwa kashi 90. Digiri na biyu ƙasa da shekara 30, na uku ƙasa da 35. In an tantance ka sai a kira ka ganawa baki da baki, ni a Yamai na yi tawa. Rashin samu bana bai hana ka sake nema baɗi ba, in shekarunka ba su wuce ba.

Shi "burs na rabi" da ake faɗa maka, mafi yawan lokaci rangwame ne da jami'o'i masu zaman kansu suke yi wa baƙi. Ragowar rabin za ka biya shi kowace shekara, sau da yawa da dala, ga haya, ga abinci, ga inshora, ga kuɗin gas na ɗumama ɗaki da sanyi. Kuɗin gona shekara ɗaya zai kai ka. Hayar ma ba ko'ina ba, a 2022 an rufe unguwanni sama da dubu a faɗin ƙasar ga sabuwar rajistar baƙi, kuma ba a ba da ikamet sai da adireshi mai rajista.

In da gaske kake son tafiya da kuɗin gida, jami'ar gwamnati ita ce hanya. Akwai jarrabawar shiga ta baƙi, TR-YÖS, da hukumar jarrabawar ƙasar take shiryawa tun 2023, lissafi ne da gwajin kaifin basira, ɗan ajin kimiyya, seri C ko D, da ya zauna ya yi shiri zai iya. Ka kuma cire Istanbul daga ranka ka duba Konya ko Kayseri ko Sakarya, haya da abinci sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, Turkanci kuma ya fi saurin kama baki don ba mai yi maka wani yare. Kowace jami'a aka ambata maka, ka nemi sunanta a jerin hukumar YÖK mai kula da jami'o'in ƙasar, sannan ka rubuta wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar da hannunka ka tambayi kuɗin shekara. Shi kuma mutumin, ka ce ya rubuta maka sunan jami'ar da cikakken kuɗin shekara huɗu a takarda ya sa hannu. Ka kai wa mahaifinka takardar tare da amsar da jami'ar ta aiko maka, ku zauna da wani malaminka na lise ku gwada su.